Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Ƴan'uwa ɗalibai, akwai wata haja da ake ta sayar muna shekara da shekaru, mu kuma muna saye da murna har da ɗaukar hoto. Ana ce muna jagoranci abu ne da ake koyo cikin kwana ukku a ɗakin taron otal, a fito da takardar shaida. Ana ce muna haɗin gwiwa shi ne a jera tambari bakwai a ƙasan banderol: na ma'aikatar minista, na ONG biyu ko ukku, na wani kamfani, na jami'a, sai tutar ƙasar da ta biya kuɗin. A yi jawabin buɗe taro, a sha kafe da burodi, a raba ambulan ɗin ferdiyem, a rufe. Wanda aka yi taron dominsa yana can ƙauye, bai ma san an yi ba.

Ni ban yarda ba, kuma ina da hujja. Hujjata a gonakin Maraɗi da Damagaram da Tawa take. Ƙasar nan tamu, wadda kullum ake jefa sunanta a ƙarshen jerin ƙasashen duniya, ta fitar da dabaru biyu da yau ake koyarwa a ƙasashe da dama: sassaben zamani da asusun Mata Masu Dubara. Dukansu da haɗin gwiwa aka yi su, gaskiya ne. Amma in kun bi tarihinsu a hankali za ku ga waɗanda suka ja ragama sunansu ba ya kan banderol.

Yadda icce ya zama abokin gaban manomi

Mu fara da icce. Tun dokar daji da Turawan Faransa suka kafa a 1935, har wadda ƙasa ta yi wa kanta a 1974, icce ya zama kamar kayan gwamnati. Gao da ke tsakiyar gonar da ka gada daga kakanka, in ka sare reshensa ba izini, ma'aikacin gandun daji na iya cin ka tara. To wane mai hankali zai yi renon abin da zai jawo mishi tara? Manomi ya gane cewa kwanciyar hankalinsa ita ce kada iccen ya girma tun farko. Ga kuma malaman gona da ke koyar da cewa manomin kirki shi ne mai gona fes, ba kututture ba tsiro. Kowace shekara kafin damana a yi sassabe, a tara, a banka wuta. Da fari ya zo a farkon shekarun 1970, ya sake dawowa a 1984, sai ƙasa ta tsaya tsirara. Iska ta kwashe shuka, mutum ya yi shuka sau biyu sau ukku cikin damana guda. Mata na tafiyar yini neman iccen girki, in babu a ƙona kara da kashin shanu, wato a ƙona abincin gonar kanta.

Me magabata da masu hannu da shuni suka yi? Suka ce a dasa. Aka buɗe wuraren renon dashe, aka kawo turare da bedi cikin ƴan ledoji, aka kewaye gandun gari da waya. A watan Mayu na 1984, zamanin Seyni Kunce, aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada. Kowane 3 ga Agusta muna dasa icce har gobe. Ban raina niyyar ba. Amma ku tambayi kowane tsoho a garinku ina itatuwan da aka dasa a gandun gari. Mafi yawansu awaki da rani da gara sun gama da su, don iccen kowa da kowa ba shi da mai ba shi ruwa.

Cikin masu wannan dashe akwai wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ɗin SIM a Maraɗi. Shi da bakinsa ya sha faɗin cewa dashensa mutuwa yake. A 1983, a kan hanyar kai dashe ƙauye, ya tsaya rage iskar taya saboda rairayi, sai ya lura da wani ɗan kurmi a gefen hanya. Da ya duba ganyen ya gane icce ne da aka sare, saiwarsa na raye, yana ta tohowa ana ta sare shi. Gonakin cike suke da irinsu: kalgo, sabara, taramniya, magarya, aduwa. Dabarar kuwa ba wuya. Ka zaɓi kututturen da kake so, ka bar rassa mafi ƙarfi, ɗaya zuwa biyar, ka datse sauran, ka yi musu aski daga ƙasa, ka tsare su daga dabba da mai gatari. Adda ko lauje sun isa. Tunda saiwar ta riga ta yi nisa cikin ƙasa, iccen na girma da saurin da dashen leda ba zai taɓa kamowa ba.

Ga wurin da nake so ku buɗe kunne. Lokacin yunwar 1984 aka haɗa wannan aiki da rabon cimaka: ka bar icce a gonarka, a ba ka hatsi. Ƙauyuka kusan ɗari suka shiga, aka bar itatuwa wajen dubu ɗari biyar. Da rabon ya ƙare, kusan kashi biyu cikin ukku aka sare su. Ka ji fa! Abin da aka saya da buhun hatsi ya tafi tare da buhun hatsi. Abin da ya rayu shi ne kashi ɗayan nan na mutanen da suka ga da idonsu cewa hatsinsu bai ragu ba, ga iccen girki a kusa, ga abincin dabba, ga iska ta rage dukan shuka. Su ne maƙwabta suka yi wa dariya, su ne aka yi wa satar icce da dare, su ne kuma suka daure har mai dariyar ya zo yana tambaya yaya ake yi. Daga gona zuwa gona abin ya bazu, a bakin kasuwa, a wurin suna da biki, a hanyar ci-rani.

Bayan shekara ashirin da wani abu, masu bincike, cikinsu har da ɗan ƙasa Larwanou Mahamane da Chris Reij da Gray Tappan, suka gwada hotunan sama na da da na yanzu, suka taka ƙasa suka ƙirga. Suka ƙiyasta hekta kusan miliyan 5, itatuwa kusan miliyan 200. A ƙasar Magarya da Matamaye da Mirya, inda gao ya rufe gonaki, yawancin aikin ma ba da wani furoje aka yi shi ba. Manoman can sun daɗe da sanin halin gao: yana zubar da ganye da damana, ba ya tare wa hatsi rana, yana taƙin ƙasa, ƴaƴansa kuma abincin bisashe ne da rani. Abin da ya hana su can baya tsoro ne, kuma da tsoron ya ragu sai suka koma ga abin da suka sani.

Kowa ya saki wani abu

To ina haɗin gwiwar yake a nan? Yana nan, kuma na gaske ne, don kowane ɓangare sai da ya saki wani abin da yake riƙe da shi. Baƙon ya saki dashensa, ya yarda cewa abin da ya zo da shi ba ya aiki. Ma'aikatan gandun daji na Maraɗi suka sassauta cin tara, wato suka saki wani yanki na ikonsu, kuma kowa ya san tara ba ƙaramar hanyar shiga ba ce. Masu gari da sarakuna suka shiga shari'ar satar icce. Manomi ya saki sunansa na mai gona fes, ya ɗauki kasadar shekara ɗaya ko biyu da abincin iyalinsa. Masu bincike suka zo daga baya suka auna, suka ba duniya shaida. Doka ita ce ta zo ƙarshe, tana jan ƙafa: kundin tsarin karkara a 1993, sabuwar dokar daji a 2004, sai a Yuli 2020 aka sa hannu kan dokar da ta tsara sassaben zamani da haƙƙin manomi a kan iccen da ya rena. Daga 1983 zuwa 2020 shekara 37 ke nan. Talaka na gaba, takarda na biye.

Wannan shi ne ma'aunina, kuma ina roƙon ku riƙe shi. In aka ce muku ga haɗin gwiwa, ku tambaya: wa ya saki me? In ma'aikata tana nan da duk ikonta, ONG tana nan da duk kuɗinta da tsarinta da aka rubuto daga waje, kamfani ya samu tallarsa, talaka kaɗai aka ce ya canza hali, to wannan taron cin abinci ne.

Cikin kuɗin furoje ma akwai wanda aka kashe da hankali. A ƙarshen shekarun 1980 wani furoje na FIDA ya ɗauki wasu manoman Illela ya kai su Yatenga a Burkina Faso, suka ga yadda manoman can ke haƙa ƴan ramuka a faƙo su zuba taki su yi shuka. Suka dawo suka gwada, tassa ta bazu a ƙasar Adar har faƙon da aka yasar ya koma abin saye da sayarwa. Me furojen ya yi? Ya biya mota, ya haɗa manomi da manomi. Kuɗin taro guda na otal a Yamai zai iya yin irin wannan tafiya, amma wa zai samu ferdiyem?

Jagoranci na da tsada

A Ɗan Saga, cikin ƙasar Agye, mutanen gari da tallafin furojen FIDA suka kafa kwamitin tsaron itatuwa. Suka sa mata a ciki, suka sa makiyaya, suka yi dokokinsu: wa zai sara, yaushe, nawa ne tarar wanda ya yi ɓarna. Ku ɗan tsaya ku yi tunanin aikin ɗan kwamiti irin wannan. Wanda za ka kama da gatari ba baƙo ba ne. Ɗan ƙanen babanka ne, ko surukinka, ko wanda kuke sahu ɗaya a masallaci. Ka ci shi tara yau, gobe ku haɗu a wurin jana'iza. Wannan shi ne jagoranci, kuma ba a ba da takardar shaidarsa.

Sa makiyayi cikin kwamiti kuwa ba ado ba ne. Icce a gona yana nufin ganye da ƴaƴa, ganye da ƴaƴa kuma su ne ran garke da rani. In ba a zauna an yi magana ba, iccen da ya kamata ya zama arziki sai ya zama sanadin faɗa. Jihar Maraɗi ta san kuɗin da ake biya in zama tsakanin manomi da makiyayi ya lalace: a Toda, a 1991, an kashe mutum sama da ɗari, galibinsu mata da yara na Fulani. Duk wanda ya zo muku da tsarin gyaran ƙasa da babu makiyayi a teburinsa, ku ce mishi ya koma ya sake lissafi.

Akwati mai kwaɗo ukku

Na biyu, Mata Masu Dubara. A 1991 ƙungiyar CARE, ta hannun wata ƴar Norwe, Moira Eknes, ta fara aiki da mata a ƙauyukan Maraɗi. Abin da aka saba shi ne a kawo kuɗi daga waje a ba da bashi, in furoje ya tashi bashin ya bi ruwa. A nan aka juya abin. Mata sun riga sun san adashe tun kaka da kakanni. Aka ɗora a kansa: mata ashirin da wani abu zuwa talatin su haɗu kowane mako, kowa ta zuba abin da aka yi yarjejeniya, ko dala biyar ne ko goma, a sa a akwati mai kwaɗo ukku, makullan a hannun mata ukku dabam. Mai buƙata ta ci bashi ta yi sana'a ta maido da ɗan ƙari, in shekara ta zagayo a fasa a raba. Abin da baƙo ya kawo shi ne horo na ƴan watanni. Kuɗin nasu ne, dokar tasu ce, shugabar su suka zaɓe ta.

Yau wannan tsari ya kai ƙasashe da dama a Afirka da Asiya da Latin Amurka, miliyoyin mutane na cikinsa da wasu sunaye na Turanci. Asalinsa a nan ne, a ƙarƙashin inuwar ƙauyukanmu, hannun matan da yawancinsu ba su taɓa zama ajin lakwal ba. Kuma abin bai tsaya kan kuɗi ba. Matar da ta saba tsayawa gaban mata talatin ta ba da lissafi, ta ce wa wadda ta yi jinkirin biya ta biya, ta riga ta koyi siyasa. Shi ya sa tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 ake samun matan waɗannan ƙungiyoyi suna tsayawa takara, suna zama kansiloli. Mu da muke da diflom, nawa ne cikinmu suka taɓa riƙe amanar jika hamsin ta jama'a shekara guda suka maido ba gibi? Ƙungiyoyinmu na ɗalibai nawa suka watse a kan kuɗin tishat?

Ina alhazanmu?

Akwai ɓangaren da ya kamata mu yi wa magana ba kunya, wato ƴan kasuwa. A 2005, lokacin da tamowa ta yi wa yaran ƙasar nan kaca-kaca, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da dubu sittin, galibi a jihar Maraɗi. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne ɗan ƙunshin nan Plumpy'Nut, wanda likita André Briend da kamfanin Nutriset na Faransa suka haɗa a 1996: tunkuzar gyaɗa da madarar gari da sukari da mai da sinadaran gina jiki. Ba ya buƙatar ruwa ko wuta, uwa na iya ba ɗanta a gida, ba sai an kwantar da kowane yaro a likita ba. Ga mai bincike, ga kamfani, ga ƙungiya, ga ma'aikatan lafiya na ƙasa, ga uwaye. Ya ceci rayuka, babu mai musu.

Amma ku dubi abin da kyau. Gyaɗa! Maraɗi da Damagaram da gyaɗa aka san su tun zamanin Turawa, da ita aka gina arzikin alhazan farko. Sai ga shi maganin yunwar ɗiyanmu da gyaɗa ake yin shi, da izinin wani kamfani na waje. Kamfanin STA na Yamai ya fara sarrafa shi a gida tun 2005, wannan abin yabo ne. Tambayata ga sauran masu dukiya ita ce: ku da kuke da manyan motoci da sito-sito, me ya sa haɗin gwiwarku da talaka bai wuce saye da kaka a ɓoye, a fito da shi da bazara ninki biyu? Me ya sa ba a ganin kuɗinku a sarrafa zogale, ko man aduwa, ko ɗanko, ko kasuwar iccen da manomi ya rena? Rabon buhun shinkafa da azumi sadaka ce, Allah ya ba da lada. Zuba jari tare da ƙungiyar manoma, a yi yarjejeniyar farashi tun kafin shuka, a raba riba da asara, wannan wani abu ne dabam, kuma shi muke jira.

Labarin na da wutsiya. A 2008 gwamnatin Tanja Mamadu ta dakatar da aikin MSF ta Faransa a Maraɗi, ƙungiyar ta tattara ta tafi. Ko wa ke da gaskiya a rigimar, yaron da ke kwance ba a tambaye shi ba. Haka abin yake duk lokacin da mabuɗin aiki ke hannun manya biyu da ba su yarda da juna ba.

Amsa ga masu cewa

Na san abin da wasunku za su ce a fada in an ɗora shayi.

Wani zai ce: to ai duk misalanka da Bature a ciki, ga Rinaudo ga Eknes. Haka ne, kuma ban zo in ɓoye su ba. A 2018 an ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina. Ya cancanta. Abin da ya sa ya cancanta shi ne ya duba ƙasa, ya ga abin da ke ciki, ya bar manoma suka sarrafa dabarar yadda ta dace da su: wani ya bar icce ashirin a hekta, wani ɗari, wani ya zaɓi gao, wani kalgo. Amma mutum guda bai rena icce miliyan 200 ba. Ku faɗa mini sunan manomi ɗaya cikin waɗanda suka ƙi sare nasu bayan rabon hatsi ya ƙare. Ba mu sani ba, kuma wannan laifinmu ne mu masu biro da takarda. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wani zai ce: icce da asusu ba su hana yunwar 2005 da ta 2010 ba. Gaskiya ne. Sassaben zamani ba ya sa ruwan sama, ba ya ƙara faɗin gona, kuma a kudancin Maraɗi gonaki sun tsuke har mata da samari da yawa ba su da gamana. Wanda ba shi da gona ba shi da icce, matar da a da take shiga daji ta yi icce kyauta yanzu tana iya tarar da kowane icce da mai shi. Waɗannan matsaloli ne na gaske. Asusu kuma ba ya gina likita, ba ya shimfiɗa hanya, ba ya biyan malamin lakwal. Wannan aikin gwamnati ne, kuma kada kowa ya fake da ƙoƙarin talaka ya gudu daga nauyinsa. Amma gidan da ke da icce a gona, in shekara ta ɓaci, yana da abin sayarwa kafin ya kai ga sayar da akuya ko gonar kanta. Tsakanin wanda ya sayar da reshe da wanda ya sayar da gona akwai tazarar rayuwa guda.

Wani kuma zai ce, yana murmushi: kai ma in ka gama, takardarka ONG za ka kai. Mai yiwuwa ne, yawancinmu can za mu nema, don aikin gwamnati ya yi wuya. Shi ya sa ma maganar ta shafe mu. Gobe mu ne za mu zauna cikin katkat, mu ne za mu rubuta rahoto, mu ne za mu yi tafinta tsakanin mai kuɗi da mai gona. Tafinta kuwa yana da iko fiye da yadda ake zato. Yana iya isar da abin da tsoho ya faɗa, yana kuma iya gyara shi ya zama abin da mai kuɗi ke son ji. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi mishi aski, na sani. Amma tun yanzu ya kamata kowa ya yanke iyakar askin da zai yi.

Gwajin da muka gani da idonmu

Bayan 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta rufe iyakoki, Faransa da Tarayyar Turai suka dakatar da tallafi iri-iri. A 2025 kuma Amurka ta rushe hukumarta ta USAID. Kowa na da ra'ayinsa kan siyasar waɗannan abubuwa, ba ita ta kawo ni ba. Abin da nake so ku lura shi ne wane aiki ya tsaya, wane ya ci gaba. Ayyukan da ransu ke cikin asusun waje sun rufe biro, ma'aikata sun koma gida, allunan na tsatsa a bakin hanya. Gao bai ji labarin takunkumi ba. Matan asusu sun ci gaba da haɗuwa ranar da suka saba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kada kuma wani ya ɗauki wannan ya ce ba mu buƙatar kowa. Maganin rigakafi, binciken iri, hoton tauraron ɗan'adam da aka ƙirga itatuwanmu da shi, duk sai da hannun wasu. Kuma wanda ya kori baƙo, ya hau kujerarsa, ya ci gaba da yi wa manomi kallon jahili, bai canza komi ba sai launin fatar mai ba da umurni. Raini raini ne, ko da Faransanci aka yi shi ko da Hausa.

Abin da ya rage gare mu

Ba sai mun jira an kira mu taro ba. Ɗalibin shari'a a Yamai ko Tawa ya nemo dokar 2020, ya juya ta da Hausa mai sauƙi, ya kai gidan rediyon garinsu, don manomi da yawa har yau bai san abin da doka ta ba shi ba, kuma wanda bai san haƙƙinsa ba ana iya cin shi tara a kan iccensa. Ɗalibin aikin gona a Maraɗi, in zai rubuta kundin ƙarshen karatu, ya sa sunan manoman da suka koya mishi, ya koma ya karanta musu abin da ya samo. Ɗalibin tattalin arziki ya zauna da ƙungiyar mata ta unguwarsu ya koyi yadda suke riƙe lissafi kafin ya ce zai koya musu. Ɗalibin tarihi da na adabi a Damagaram su ɗauki waya su naɗi muryar tsofaffin da suka ga 1984, tun suna raye. Masu fada su buɗe nasu akwatin, su gwada ko za su kai shekara ba a yi faɗa ba.

In kuma aka gayyace ku wani sabon shiri mai tambari bakwai, ku je, ku zauna, ku ɗaga hannu ku yi tambaya huɗu. Wa ya ce wannan ita ce matsalar, mutanen gari ko takardar neman kuɗi? Kowane ɓangare me ya saki? Wa ke riƙe da makulli, kuma wa ke iya cewa a'a a saurare shi? Ranar da kuɗin ya ƙare, me zai rage a garin ban da allo? In aka amsa muku da kyau, ku tuɓe riga ku shiga aikin da zuciya ɗaya, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In aka yi ta kewaye-kewaye, kun san inda kuke.

Mai yiwuwa ba za a sake gayyatar ku ba, kuma ambulan ɗin zai wuce ku. Ku yi haƙuri. Manoman da suka ƙi sare iccensu bayan rabon hatsi ya ƙare sun yi asarar abin da ya fi wannan, ga dariyar maƙwabta a kai, kuma yau jikokinsu ne ke zaune a inuwar.